Kayan Maye a Finafinai: Yaushe Ƙwaya Take Zama Jigo?

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali ne daga wata gardama da ta kaure a tsakaninmu ɗalibai bayan an tashi daga darasin nazarin wasan kwaikwayo. Wani daga cikinmu ya kawo fim ɗin The Godfather a matsayin misalin abin da ya kira fim ɗin ƙwaya. Wani kuma ya ce sam bai yarda ba, domin tun daga farkon fim ɗin har ƙarshensa ba a nuna mutum ko ɗaya yana afa ƙwaya ko yana tsira wa kansa allura ba. Na farkon ya amsa da cewa ai a kan cinikinta ne aka yi ta zubar da jini. Haka aka watse kowa yana kan bakansa. Da na koma ɗaki na sake juya maganar, sai na ga ashe kowannensu ya riƙe wani gefe na gaskiya, abin da muka rasa shi ne ma'aunin da za mu auna da shi.

Manufata a nan ita ce in gwada samar da wannan ma'auni. Zan yi amfani ne da kayan aikin da malamanmu suka koya mana wajen nazarin ƙagaggun labarai da wasannin kwaikwayo na Hausa, watau jigo da tubalan gininsa da taurari da salo. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, bayyanar ƙwaya a cikin fim ba ta isa ta sa a kira shi fim ɗin ƙwaya ba, sai in ita ce ke riƙe da akalar labarin da ta rayuwar taurarinsa. Yawancin misalaina daga Amurka da Turai da Indiya suke, saboda a can ne irin waɗannan finafinai suka yi dogon tarihi. A ƙarshe zan taɓo abin da ya shafe mu a nan gida.

2.0 Ma'anar Ƙwaya da Kayan Maye

Kafin a shiga nazarin, ya kamata a daidaita a kan kalmomi. Asalin kalmar ƙwaya a Hausa shi ne ɗan ƙaramin abu dunƙulalle, kamar ƙwayar hatsi ko ƙwayar ido. Da maganin asibiti ya zo sai aka sami ƙwayar magani. Daga nan ma'anar ta ƙara faɗaɗa, har ya zama ana kiran mutum ɗan ƙwaya ko da wiwi yake busawa, ko sholisho yake shaƙa, ko kodin yake kwankwaɗa. Kalmar kayan maye kuwa ta fi ta faɗi, domin ta haɗa har da giya da burkutu da duk abin da ke gusar da hankali.

Turawa masu lissafa finafinan ƙwaya ba su cika sa na giya a ciki ba. Alal misali, The Lost Weekend na Billy Wilder, wanda ya fito a 1945, labarin wani marubuci ne da giya ta cinye, kuma ya ci lambar Oskar ta fim mafi kyau a wannan shekara, amma da wuya a gan shi a irin wannan jeri. Dalili kuwa shi ne doka ce ta shata iyakar. Amurka ta kafa dokar Harrison a 1914 don taƙaita sayar da ofiyom da hodar ibilis, ta kuma kafa wata a kan wiwi a 1937, alhali giya da ta haramta a 1920 ta sake halatta ta a 1933. Bahaushe mai cewa kayan maye ba ya ganin wannan iyaka. A wannan maƙala zan bi al'adar masu nazarin fim, in yi amfani da ƙwaya da nufin kayan maye ban da giya da taba, sai dai mai karatu zai ga cewa ma'aunan da zan kawo suna aiki a kan giya ita ma.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Ƙwaya ta shiga fim tun yana jariri. A 1894 kamfanin Thomas Edison ya ɗauki wani gajeren hoto mai suna Chinese Opium Den, wanda ya nuna ɗakin masu shan ofiyom. A 1916 kuma Douglas Fairbanks ya fito a The Mystery of the Leaping Fish a matsayin ɗan leƙen asiri mai yi wa kansa allurar hodar ibilis a kai a kai, kuma don ban dariya aka shirya shi. A wancan zamani abin bai zama abin kunya sosai ba.

Al'amari ya sauya bayan da shahararren ɗan wasa Wallace Reid ya mutu a watan Janairu na 1923 sakamakon kamuwa da mofin. A shekarar ce matarsa, Dorothy Davenport, ta fito da Human Wreckage don gargaɗi. Irin waɗannan abubuwan kunya suka sa kamfanonin Hollywood suka rubuta wa kansu ƙa'idojin tace finafinai a 1930, suka kuma fara zartar da su da ƙarfi a 1934. Daga cikin abin da ƙa'idojin suka hana akwai nuna fataucin miyagun ƙwayoyi. Saboda haka sai batun ya koma hannun ƙananan masu shirya fim, waɗanda suke fakewa da sunan wa'azi su tara kuɗi.

Wanda ya karya wannan shinge shi ne Otto Preminger. A 1955 ya shirya The Man with the Golden Arm, aka hana shi hatimin amincewa, shi kuwa ya sake shi haka nan, jama'a suka yi tururuwa zuwa kallo. A ƙarshen 1956 aka gyara ƙa'idojin aka ba da damar taɓa batun, a 1968 kuma aka jingine su gaba ɗaya aka koma rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo. Daga nan ƙofa ta buɗe. Easy Rider ya fito a 1969, The French Connection da The Panic in Needle Park a 1971, Super Fly a 1972. A Indiya ma Dev Anand ya fito da Hare Rama Hare Krishna a 1971. Yawan waɗannan finafinai da bambancin da ke tsakaninsu su ne suka sa ake bukatar ma'auni.

4.0 Ma'aunai Uku

4.1 Ma'aunin Cirewa

Tambaya ta farko da mai nazari zai yi ita ce, in an cire duk fitowar da ƙwaya take ciki, labarin zai tsaya da ƙafafunsa ko zai rushe? In ya tsaya, to ƙwayar ado ce kawai. Misali mai sauƙi shi ne Modern Times na Charlie Chaplin, na 1936. A cikin kurkuku wani fursuna ya juye hodar da yake ɓoyewa a cikin gwangwanin gishiri don gudun bincike, Chaplin ya barbaɗa ta a abinci bai sani ba, ƙarfi ya zo masa har ya daƙile yunƙurin wasu masu son tserewa. Fitowa ce mai ban dariya, amma jigon fim ɗin shi ne yadda injin masana'anta da rashin aikin yi suke murƙushe talaka. In an cire hodar, jigon yana nan daram.

Haka abin yake a Pulp Fiction na Quentin Tarantino, na 1994. Mia ta tsinci hiroyin a aljihun rigar Vincent, ta zaci hodar ibilis ce ta shaƙa, ta sume, sai da aka soka mata allura a ƙirji sannan ta farfaɗo. Duk wanda ya kalli fim ɗin ba zai manta da wannan wuri ba, to amma labari ɗaya ne daga cikin labaran da aka sarƙa, sauran kuwa ba su dogara da shi ba.

4.2 Ma'aunin Musanyawa

Fim yana iya tsallake ma'auni na farko ya faɗi a na biyu. Tambayar a nan ita ce, in an ɗauke ƙwayar an sa wata haramtacciyar haja a gurbinta, kamar makamai ko zinariyar sata, labarin zai sauya? In bai sauya ba, to ƙwayar tubali ce da aka gina jigo da ita, jigon kansa wani abu ne dabam.

Tarihin fim ya yi mana wannan gwaji da kansa. A 1932 Howard Hawks ya shirya Scarface, labarin Tony Camonte mai safarar giya a Shikago lokacin da take haramtacciya. A 1983 Brian De Palma ya sake shirya shi, tauraron ya zama Tony Montana, ɗan gudun hijira daga Kyuba mai safarar hodar ibilis a Miami. Haja ta sauya, gari ya sauya, amma zubin labarin bai motsa ba. A duka biyun tauraron ya taso daga ƙasa, ya kawar da maigidansa, ya ɗauke macen maigidan, kishin ƙanwarsa ya sa ya kashe amininsa da ya aure ta a ɓoye, sannan ya mutu cikin ruwan harsashi. Wannan ya nuna cewa babban jigon shi ne haɗama da ƙarshen mai girman kai. Abin da kawai na 1983 ya ƙara shi ne Montana ya koma shan hajarsa, wanda ya gaggauta masa lalacewa.

Da wannan ma'auni ne za a warware gardamar da na buɗe maƙalar da ita. A The Godfather, na 1972, Sollozzo ya nemi Vito Corleone ya zuba jari a cinikin hiroyin ya kuma ara masa alƙalai da 'yan siyasar da ke hannunsa. Vito ya ƙi, yana ganin abokansa na gwamnati da suke kawar da kai ga caca ba za su kawar da kai ga ƙwaya ba. Wannan ƙi shi ya jawo harbinsa da duk yaƙin da ya biyo baya. Ke nan in an cire cinikin babu yaƙi, abokina na farko ya yi gaskiya a nan. Amma duk wata sana'a da ake ganin ta fi caca ƙazanta za ta iya yin wannan aiki, domin abin da fim ɗin ya sa gaba shi ne gadon mulki da yadda Michael ya rikiɗe daga saurayi mai gudun sana'ar gidansu zuwa shugaba marar tausayi. A nan kuma abokina na biyu ne da gaskiya.

4.3 Ma'aunin Mahanga

Ma'auni na uku ya shafi salo. Ta idon wa mai kallo yake ganin ƙwayar? Ta idon ɗan sanda, ko na ɗan kasuwa, ko kuwa na wanda take yawo a jininsa? Finafinai biyu masu tauraro ɗaya za su fayyace wannan. A The French Connection na William Friedkin, wanda ya ci lambobin Oskar biyar, ɗan sanda Doyle yana farautar hiroyin da aka ɓoye a jikin mota aka yo safararta daga Marseille ta Faransa zuwa New York. Ƙwayar a nan kaya ce da ake bi, ana auna kyanta ana ƙiyasta kuɗinta, masu shanta kuwa daga nesa ake hango su. A kashi na biyu na fim ɗin, wanda John Frankenheimer ya shirya a 1975, masu safarar sun kama Doyle suka yi ta yi masa allura da ƙarfi har ya kamu, aka kuma ɗauki dogon lokaci ana nuna shi a kulle a ɗaki yana gumi yana kuka yana roƙo. A wannan kashi ƙwayar ta tashi daga jikin mota ta koma jikin tauraro, mai kallo ma ya koma tare da ita.

5.0 Finafinan da Ƙwaya Take Jigonsu

Idan fim ya tsallake ma'aunan nan uku, shi ne ya cancanci sunan fim ɗin ƙwaya. Ga misalai kaɗan da yadda kowanne ya warware jigonsa.

The Man with the Golden Arm an ɗauko shi ne daga littafin Nelson Algren na 1949. Frank Sinatra ya fito a matsayin Frankie Machine, mai raba karta a gidan caca, wanda ya fito daga kurkuku ya rabu da allura, yana burin zama makaɗin ganga. Unguwarsu da tsofaffin abokai da dillalin da ke jiransa suka sake jawo shi. Ba a ma ambaci sunan ƙwayar a fim ɗin ba, amma ita ce ke yanke duk shawarar da ya yi, kuma ƙololuwar labarin ita ce kwanakin da ya sa aka kulle shi a ɗaki don ya yaye kansa.

The Panic in Needle Park na Jerry Schatzberg ya bi Bobby da Helen, masoya biyu a New York, a lokacin da hiroyin ta yi ƙaranci a kasuwa. Ba a sa kiɗa ko kaɗan a fim ɗin ba, sai ƙarar titi. Ƙarancin ya sa kowa yana sayar da ɗan'uwansa ga 'yan sanda, har Helen ta ba da Bobby. A nan ba za a iya musanya ƙwayar da zinariya ba, domin zinariya ba ta sa jiki ciwo in an rasa ta.

Christiane F. na Uli Edel, na 1981, labarin gaskiya ne na wata yarinya 'yar shekara 13 a Balin ta Yamma, wadda ta fara da ƙananan ƙwayoyi a gidan rawa ta ƙare tana sayar da jikinta a bakin tashar jirgin ƙasa. Trainspotting na Danny Boyle, na 1996, wanda aka ɗauko daga littafin Irvine Welsh na 1993, ya bi wasu samari a Edinburgh. Shi ne ya fi amfani da ma'aunin mahanga. Da Renton ya yi allura fiye da kima, sai aka nuna shi yana nitsewa cikin darduma kamar mai shiga kabari, kyamara tana leƙen duniya daga cikin ramin. Da iyayensa suka kulle shi don ya daina, sai ya riƙa ganin jaririyar da ta mutu saboda sakacin abokansa tana rarrafe a silin ɗaki.

Requiem for a Dream na Darren Aronofsky, na 2000, ya ƙara wani darasi. Taurari huɗu ne, uku matasa masu allurar hiroyin, ta huɗu kuwa Sara, uwar ɗaya daga cikinsu, gwauruwa mai son ta rame don wata jar riga ta shige ta ta fito a talabijin. Likita ne ya rubuta mata ƙwayoyin rage ƙiba, ita kuwa ta yi ta ƙari har ta fara ganin firjinta yana motsi yana nufo ta. An kasa fim ɗin kashi uku da sunayen yanayin ƙasar, na zafi da na kaka da na hunturu, ba a kawo na huɗu ba, watau lokacin da itatuwa suke tohowa. Ɗan ya rasa hannu, uwar ta rasa hankali. Abin lura shi ne ƙwayar uwar halattacciya ce a doka, amma fim ɗin ya jera ta da ta ɗanta a mizani ɗaya. A nan hangen mai fim ya zo daidai da na Bahaushe mai cewa kayan maye.

Akwai kuma fim ɗin fatauci da ya tsallake ma'aunin musanyawa, watau Traffic na Steven Soderbergh, na 2000, wanda aka gina a kan wani shirin talabijin na Ingila na 1989. Ya bi hodar tun daga Meziko har zuwa gidan alƙalin da aka naɗa ya jagoranci yaƙi da ƙwaya a Amurka, wanda 'yarsa ta cikinsa ta kamu. Tun da an haɗa mai safara da mai doka da mai sha a sarƙa ɗaya, babu wata haja da za ta iya maye gurbin.

6.0 Finafinan da Masu Kallo Suka Laƙaba wa Suna

Akwai wani rukuni da yake rikitar da masu lissafi, watau finafinan da babu ƙwaya a labarinsu amma masu shanta suka mayar da su nasu. Fantasia na kamfanin Disney, na 1940, zane ne da kiɗa, amma da aka sake sakinsa a 1969 matasan zamanin LSD ne suka cika gidajen silima. Haka ya faru da Alice in Wonderland na 1951 da aka sake saki a 1974, da kuma 2001: A Space Odyssey na Stanley Kubrick, na 1968, saboda dogon wasan launuka da ke kusa da ƙarshensa. A ganina waɗannan ba sa cikin sahu, domin mayen yana tare da mai kallo ne, labarin bai san da shi ba. Kama da wane ba ta wane ba. Wanda ya dace a kwatanta su da shi shi ne The Trip na Roger Corman, na 1967, inda tauraron ya sha LSD a farkon labari, sauran fim ɗin duka kuwa abin da ya gani ne. Shi wannan ya tsallake ma'aunai ukun, kuma hukumar tace finafinai ta Ingila ta hana shi takarda fiye da shekara 30.

7.0 Nunawa da Tallatawa

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne amfanin wannan rarrabewa? Amfaninta shi ne masu hukunci a kan fim sukan ƙidaya yawan fitowar da aka nuna ƙwaya, su manta da aikin da take yi a labarin. A lokacin yaƙin neman zaɓen 1996 ɗan takarar shugabancin Amurka, Bob Dole, ya soki Trainspotting da cewa yana ƙawata hiroyin, daga baya ta bayyana bai kalle shi ba. A 2016 hukumar tace finafinai ta Indiya ta nemi a yanke wurare 89 daga Udta Punjab, fim ɗin da ya tona yadda ƙwaya ta addabi matasan jihar Punjab, sai da babbar kotun Bombay ta sa baki a watan Yuni aka sake shi da yanka ɗaya tak. A duka biyun, fim ɗin da ya fi nuna ɓarnar ƙwaya shi aka fi tuhuma.

A ɗaya gefen kuma, kyakkyawar niyya ba ta tabbatar da kyakkyawan sakamako. Reefer Madness na 1936 an shirya shi ne don tsoratar da iyaye. Ya nuna ɗaliban sakandare suna busa wiwi kaɗan sai kisa da hauka da kashe kai su biyo baya nan take. Zuzutawar ta yi yawa har ta zama ƙarya, saboda haka a 1972 wata ƙungiya mai neman a halatta wiwi ta tono shi tana nuna wa ɗaliban jami'a, suna kallo suna dariya. Tony Montana ya mutu mummunar mutuwa, amma hotonsa da bindiga ya zama abin liƙawa a ɗakin samari, mawaƙan zamani na Amurka kuma suka mayar da shi gwarzo, domin abin da ya zauna a zuciya shi ne gidan da motocin da tarin kuɗin. A Super Fly waƙoƙin Curtis Mayfield suna la'antar dillalin ƙwaya, hoto kuwa yana nuna shi cikin tsadaddun tufafi da ƙasaitacciyar mota. A Hare Rama Hare Krishna yarinyar da yayanta ya bi har Katmandu don ya ceto ta ta ƙare da kashe kanta, amma waƙar da aka nuna ta tana busa hayaƙi a cikin taron 'yan hifi ita ta fi fim ɗin shahara.

Abin da na fahimta daga waɗannan misalai shi ne, haɗarin tallatawa ya fi yawa a finafinan da ƙwaya take haja ko ado, domin su ne suke nuna ribarta da annashuwarta ba tare da sun zauna a jikin mai shanta ba. Wanda ya mai da ita jigo kuwa tilas ya nuna daɗin farko, don a gane abin da ke jan mutum, ya kuma nuna aman da gumin da cin amanar da suke biyo baya.

8.0 Abin da Ya Shafe Mu

Wannan batu ba na nesa ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda. Mun kuma ga ƙarfin hoto da idonmu. A ƙarshen watan Afrilu na 2018 BBC ta fitar da wani fim na binciken gaskiya a kan maganin tari mai kodin, wanda ya nuna yadda yake fita ta bayan fage da kuma halin da matasan da suka kamu suke ciki a Kano. A ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi.

A finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka kankama tun daga 1990, ɗan ƙwaya ba baƙo ba ne. Sai dai a yawancin waɗanda na kalla, ko dai ɗan daba ne da ake haya don ya yi ta'asa, ko kuwa abin dariya mai jan magana da layi a kan hanya, sannan a ƙarshe wani dattijo ya yi masa nasiha ko ɗan sanda ya tafi da shi. In aka ɗora wannan a ma'aunin cirewa, za a ga ado ne. Ba a cika nuna mana ranar da ya fara ba, da wanda ya miƙa masa, da abin da yake gudu, da abin da uwarsa take ji in ta tarar an buɗe mata adaka. Matar aure mai ɓoye kwalba a ƙarƙashin gado, wadda ita ce takwarar Sara a wurinmu, ita ma tana jiran mai ba da labarinta. Ina ganin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da masu shirya fim za su amfana in suka riƙa tambayar aikin da ƙwaya take yi a labari kafin su ƙidaya sau nawa ta bayyana.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa ƙwaya tana shiga fim ta hanya uku. Takan zo a matsayin ado, kamar a Modern Times da Pulp Fiction. Takan zo a matsayin tubalin gina wani jigo, kamar a The Godfather da Scarface da kashin farko na The French Connection. Takan kuma zama ita ce jigon, kamar a The Man with the Golden Arm da Trainspotting da Requiem for a Dream. An kawo ma'aunai uku na rarrabe su, watau cirewa da musanyawa da mahanga, an kuma nuna cewa rukuni na uku ne kaɗai ya cancanci a kira shi fim ɗin ƙwaya. Ba na da'awar cewa ma'aunan sun rufe ƙofa, domin fim kamar Scarface na 1983 yana da ƙafa ɗaya a rukuni na biyu ɗaya a na uku. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai za su ɗauki finafinan Hausa ɗaya bayan ɗaya su gwada waɗannan ma'aunai a kansu, malamanmu kuma su gyara mana inda muka karkace.